Sabuwar wakiliyar aji a sashen nazarin halittu: ta ina ya kamata ta fara?

Wakiliyar Aji Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da 'yan'uwa ɗalibai da ke wannan zaure. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a sashen nazarin halittu na wata jami'ar tarayya a Arewa. Makonni uku da suka wuce 'yan ajinmu suka zaɓe ni wakiliyarsu, daga baya kuma ƙungiyar ɗaliban sashen ta ƙara ɗora mini kula da harkokin karatu, saboda wanda ke riƙe da wurin ya samu canjin kwas ya koma wani sashe. Na karɓa ban san zurfin ruwan ba. Wanda na gada bai bar mini ko fallen takarda ba, abin da ya miƙa mini shi ne ragamar zauren WhatsApp na aji da lambobin wayar wasu malamai.

Zuwa yanzu aikin da nake yi bai wuce sanar da canjin ɗakin lakca, ɗauko makirufo da tattara kuɗin fotokwafi ba, alhali abubuwan da ke ci wa ɗalibai tuwo a ƙwarya suna nan ba wanda ya taɓa su. Ranar Talatar da ta gabata, a firaktikal, mun fi mu goma muna layi a kan madubin likita ɗaya domin mu kalli ƙwayoyin fatar albasa. Kafin layi ya zo kaina ruwan aidin ɗin da aka ɗiga a gilashin ya bushe, abin da na gani kawai shi ne wani dishi-dishi mai ruwan ƙasa. Na lura da wata ƙawata da ta kwafi zanen daga littafin ta kusa da ita, ta rubuta girman da aka faɗaɗa shi a ƙasa, ta miƙa aka sa mata hannu, ba tare da ta taɓa ɗora ido a kan na'urar ba. Ga kuma kwas ɗin ilimin gadon halitta, wato jenetiks, wanda 'yan ajin da ke gabanmu da yawa suka faɗi, yanzu muna zaune da su suna maimaitawa, ɗakin ma ba ya ɗaukarmu. Akwai wata 'yar ajinmu da ta rubuta jarrabawar wani kwas na aji ɗaya, amma da sakamako ya fito aka nuna ba ta zauna ba, kullum sai ta zo mini da kuka. Kuɗin ƙungiya da ake karɓa kuwa, kusan dukansa a walimar ƙarshen shekara da ɗinkin riguna yake ƙarewa.

Tambayata ita ce: wane hurumi wakiliyar aji take da shi a sashe, kuma ko tana da ikon halartar taron malamai ta gabatar da koken ɗalibai? Ta yaya zan tsara darussan taimako da ba za su mutu bayan mako biyu ba? Ina kuma tsoron a sa mini ido a matsayin mai neman fitina, domin malaman da zan kai wa ƙorafi su ne masu duba takarduna, kuma a cikinsu ne za a ba ni wanda zai kula da binciken kammala karatuna.

Malamin Tsirrai ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya taya ki riƙo. Na daɗe ina koyar da ilimin tsirrai, na kuma taɓa zama malamin da ke kula da aji biyu, saboda haka wakilai irinki da yawa sun zauna a kujerar da ke gaban teburina. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. A tsarin yawancin jami'o'inmu wakilin aji ba shi da kujera a taron malaman sashe, balle na tsangaya ko majalisar dattawan jami'a, zaman da ake tantance sakamakon jarrabawa kuwa ɗalibi ba ya ko leƙa shi. Akwai tarihi a bayan wannan nesantawa. A 1978, lokacin da aka ƙara kuɗin abincin ɗalibai da kwabo hamsin a rana, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan zamani, NUNS, ta jagoranci zanga-zangar neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali, aka rasa rayuka, gwamnatin soja ta Obasanjo ta haramta ƙungiyar, sai a 1980 NANS ta maye gurbinta. Tun daga nan da zarar shugaban sashe ya hangi ɗalibai sun taho a ayari, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne tarzoma, ko da kuwa maganar madubi ce ta kawo su. Don haka kada ki je ofis da tawaga, ku biyu ko uku kun isa.

Ƙarfinki yana cikin rubutu da ƙidaya. Idan kika ce mini firaktikal ba ya tafiya daidai, zan tausaya miki, amma ba ni da abin da zan ɗauka in kai gaba. Idan kuwa kika kawo takarda guda mai ɗauke da yawan ɗaliban da suka yi rajistar kwas ɗin, da yawan madubin da ke aiki, da abin da ke damun kowane ɗaya daga cikin waɗanda ba sa aiki, kin ba shugaban sashe makamin da zai shiga da shi wurin shugaban tsangaya. Kafin ki rubuta, ki fara zuwa wurin babban ma'aikacin ɗakin gwaji ki gaishe shi da ladabi, domin shi ya san cikin kowace durowa, kuma ba kasafai ɗalibai ke ba shi girmansa ba. Za ki yi mamakin jin cewa da yawa daga cikin madubin da aka jibge a lungu ba mutuwa suka yi ba: wani ƙwan fitila ne ya ƙone, wani fumfuna ce ta kama gilashinsa da damina, wani kuma man da ake ɗigawa idan za a yi amfani da gilashi mai lamba 100 ne aka bari ya bushe a kai. A cikin takardar ki ba da shawarar da ba ta cin kuɗi, kamar a raba aji rukuni-rukuni a ranaku daban. Sayen sababbin kayan aiki kuwa yakan biyo ta kuɗin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ko shirin tarbar masu tantance kwasa-kwasai na hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, waɗanda idan sun zo sukan zauna da ɗalibai su ji ta bakinsu. A irin wannan lokaci takardar da kika rubuta tun farkon zango takan yi daraja.

Game da yarinyar da sakamakonta ya ɓata, ita ce za ta rubuta da hannunta, ke rakiya ce taki. Ta haɗa kwafin takardar rajistar kwasa-kwasanta da katin jarrabawa, ta faɗi rana da ɗakin da ta zauna, ta kai wa malamin da ke kula da ajinsu, shi zai tura wa jami'in jarrabawa na sashe. A can za a ciro takardar da ɗalibai suka sa hannu a ɗakin jarrabawa. Mafi yawan irin wannan matsala kuskuren lambar rajista ce, ko dai ɗalibar ta rubuta ba daidai ba, ko wajen shigar da maki aka tsallake layi. Idan ba sashenku ne ke koyar da kwas ɗin ba, kamar na kimiyyar sinadarai ko lissafi, abin yakan ɗauki lokaci. Kada ku fara da Facebook.

Abu ɗaya nake so ki zaunar da 'yan ajinku da 'yan aji ɗaya ki lissafa musu a allo. Ɗalibin da ya ɗauki kwasa-kwasai masu jimlar nauyi (yunit) 18 a zango ya samu B a duka, wato maki 4 a kan kowane yunit, yana da maki 72, matsakaicinsa 4.00. Idan ya faɗi kwas ɗaya tak mai nauyin 3, makinsa ya koma 60, a raba da 18, ya sauko 3.33, wato ya faɗo ƙasa da 3.50 da ake buƙata domin digiri mai daraja ta biyu a matakin sama. Ga shi kuma sai ya sake ɗaukar kwas ɗin baɗi a cikin iyakar nauyi 24 da ake yarda a yi rajista. Da yawa ba sa fahimtar wannan sai sun kai aji uku, lokacin da gyara ya yi wuya.

Baƙon Jamus ya amsa:

Ina gaida Malam. 'Yar'uwa, ni a nan Jamus nake karatun digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, kuma abin da Malam ya faɗa game da rashin kujera ya sa na ga ya dace in bayyana yadda abin yake a nan, ba don in ce a kwafa shi dungurungum ba. Kowane fanni yana da majalisar ɗalibansa da ake kira Fachschaft. Ana zaɓen wakilai duk shekara, kuma dokar jami'o'i ta jiha ce ta ba ɗalibai kujeru masu ƙuri'a a majalisar tsangaya, da kwamitin tsara karatu, har da kwamitin da ke zaɓen sabon farfesa. Na taɓa ganin masu neman kujerar farfesa suna gabatar da darasin gwaji, bayan sun gama ɗaliban da ke kwamitin suka yi musu tambayoyi kan yadda za su tafiyar da firaktikal. Sai dai ɗalibai ba su da rinjaye, domin tun 1973 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa a kan abin da ya shafi bincike da naɗin farfesoshi dole farfesoshi su kasance masu rinjaye. Jihohin ma ba ɗaya suke ba: Baden-Württemberg ta soke ƙungiyar ɗalibai mai matsayin doka a 1977, ba ta dawo da ita ba sai 2012.

Amma abin da ya fi amfanar ɗalibi na yau da kullum ba kujerun nan ba ne, ɗan ƙaramin ɗakinsu ne da ke ƙasan bene, mai tsohuwar kujerar zama da butar shayi. A nan suke ajiye tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Idan jarrabawar baka ce, ko wadda ba a barin a fita da takardar tambayoyi, ɗalibin da ya fito yakan zauna ya rubuta abin da ya tuna an tambaye shi ya kawo musu, na baya su amfana. Makon farko na shekara su ne ke karɓar sababbin ɗalibai, su zagaya da su ɗakunan gwaji da laburare, su koya musu haɗa jadawalin darussa, su sayo rigunan leb da kayan fiɗa a sari domin su zo da sauƙi. Suna kuma faɗa wa kowa tun da wuri cewa a jami'o'i da yawa wanda ya faɗi jarrabawar kwas na dole sau uku ya rasa damar ci gaba da wannan fanni. Duk wannan ba ya buƙatar izinin majalisar dattawa. Kabad ɗaya mai makulli da shugaban sashe zai yarda a ajiye a wani lungu ya isa ku fara.

Tsohuwar Wakiliya ta amsa:

Ƙanwata, na yi wannan aiki shekara biyu, ciki har da shekarar 2022 da yajin aikin ASUU ya zaunar da mu a gida daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, muka dawo aka matse zango kamar ana korar mu. Allah ya gafarta Malam, na yarda da batun rubutu, amma ina da ƙari, domin na sha ganin takarda ta kwana a durowa har zango ya ƙare. Ki riƙa yin kwafi biyu, sakataren sashe ya buga hatimi da kwanan wata a kan naki, bayan mako guda ki koma ki gaishe su ki tambayi inda aka kwana. Tsoron da kike ji kuma ba na banza ba ne, akwai malamin da ke riƙo. Maganinsa shi ne kada ki taɓa rubuta sunan malami a takardar koke kan kayan aiki ko jadawali, ki ambaci kwas ɗin kawai, kuma shugaban ƙungiya da wakilin wani aji su sa hannu tare da ke. Idan kuwa wata ta zo miki da maganar cin zarafi, wannan ba ta zauren WhatsApp ba ce, ki raka ta sashen kula da harkokin ɗalibai a asirce.

Darussan taimako suna mutuwa ne saboda ana fara su ana saura mako guda jarrabawa, a tara mutum ɗari biyu a ɗaki ɗaya, wani ɗan aji huɗu ya sake karanta musu abin da malami ya karanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki fara a mako na uku, rukuni-rukuni na mutum goma sha biyar, da safiyar Asabar, domin idan kika sa bayan magariba kin kori matan aure da masu zuwa daga cikin gari ke nan. Ki kuma san mutanen da kike hulɗa da su. Da yawa daga cikinmu likitanci muka nema aka ba mu nazarin halittu, muka shigo da sanyin jiki, wasu kuma gudun lissafi ne ya kawo su, sai ga jenetiks ya tare su da lissafin yiwuwa. A nan ne ake faɗuwa, ba a wajen haddar ma'anoni ba.

Abin da ya yi mana aiki shi ne wake. Muka sayo farin wake da ja, muka zuba guda hamsin-hamsin na kowane launi a jakar uwa, haka ma a jakar uba. Ɗalibi ya rufe ido ya zaro ɗaya daga kowace jaka, wani yana rubutawa, har sau ɗari. Da aka haɗa a allo sai ga lissafin ya kusanci ɗaya bisa huɗu ja da ja, rabi gauraye, ɗaya bisa huɗu fari da fari. Wata da ke maimaita kwas ɗin ta tsaya tana kallon allon, can ta ce ashe wannan ne 1:2:1 ɗin da ta yi shekara tana haddacewa. Bayani da Hausa muke yi idan abu ya cije, amma amsa da Turanci ake rubutawa, tunda da shi za a yi jarrabawa. Sunayen Latin kuwa a tsaye muka koye su, muna zagaya harabar makaranta da kwali da zare muna rataya wa itatuwa: kuka Adansonia digitata, tsamiya Tamarindus indica, ɗorawa Parkia biglobosa, aduwa Balanites aegyptiaca, gawo Faidherbia albida, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Wanda ya taso yana tsinkar magarya ba zai sha wuyar riƙe Ziziphus mauritiana ba idan a gindinta aka faɗa masa.

Kuɗin ƙungiya kuma, kada ki yi yaƙi da walima, za ki sha kaye. Ki nemi a ware wani kaso a rubuce tun farkon shekara domin alli, takardu da ɗan kuɗin mota ga masu koyarwa, kuma kada kuɗin kowa ya shiga asusunki na banki, ko da na fotokwafi ne. Ki sami mai waya mai kyau ya zauna da marasa ƙarfi ya taya su cike neman bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024. Ki sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, ki riƙa rubuta duk takardar da kika kai da amsar da aka ba ki, da wuraren da 'yan aji uku suka samu yin SIWES, wato horon sanin makamar aiki a ma'aikatu, da yadda aka karɓe su. Ni ban yi haka ba sai a shekarata ta biyu, kuma har yau ina jin haushin abin da ya salwanta.

Wakiliyar Aji Biyu ta sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Yaya, da ɗan'uwanmu na Jamus, Allah ya saka da alheri. Jiya na je wurin babban ma'aikacin ɗakin gwaji, ya buɗe mini kabad ya nuna mini madubai a jere da ƙwan fitila kawai suke jira, ya ce ya rubuta takardar neman gyara tun bara. Mun yi da shi zan ambaci takardarsa a cikin tawa. Abin da ya rage mini shi ne batun tsofaffin tambayoyi, domin wani ɗan aji uku ya ce mini tara su laifi ne da zai iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa. Malam, haka ne?

Malamin Tsirrai ya sake amsawa:

Ba haka ba ne, 'yata. Takardar jarrabawar da aka riga aka yi ba sirri ba ce, laburaren jami'o'i da yawa ma sukan ɗaure su a ajiye. Laifin da ke korar ɗalibi shi ne mu'amala da wanda ya ce yana da tambayoyin da ba a yi ba tukuna, saboda haka duk wanda ya turo irin wannan a zaurenku ki goge, ki kuma sanar da malamin da ke kula da ajinku a ranar. Ki dai sanar da shugaban sashe kafin ku fara tarawa, kuma ki lura da shekarun da ke kan takardun. A Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar ta bar wa kowace jami'a kashi 30, kuma lambobin wasu kwasa-kwasai da abin da ke cikinsu sun sauya. Ki karɓi jerin batutuwan bana daga malamin kwas ki gwada da tsohuwar takarda kafin ki raba wa mutane.

Dabarar waken nan ta 'yar'uwarki ta burge ni, zan ma ara. Ku dai riƙa mayar da kowane wake jakarsa bayan an zaro, a girgiza, in ba haka ba rabon da ke cikin jakar yana sauyawa. Idan kun gama kada ku share allon, ku yi gwajin kai-sikwaya a kan alƙaluman da kuka samu, wato lissafin da ke nuna ko sun dace da rabon da ake tsammani. Rukuni uku ne, don haka da 5.99 za ku gwada amsarku. Idan kuka haɗa ja da ja da gauraye wuri ɗaya ya zama 3:1, sai ku gwada da 3.84.